Canjin da Ya Zo Ba Zato

Masu cika mini akwatin saƙo da "ya ake ciki da Mai Firji?", ku gyara zama, yau zan ba ku amsa. Amma ina roƙon arziki tun daga farko: wanda zai yi mini dariya ya yi ta a ransa. Ni kaina har yanzu idan na tuna wautar da na tafka sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska. Kwana tara na yi ina gaba da bawan Allah a kan kalma ɗaya, kalmar da nake furtawa sau hamsin a rana a bayan kanta.

Saboda waɗanda yau suka fara karanta ni, bari in koma baya kaɗan. Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa yake ce mini. Baba yana da shagon magani a bakin titi, ɗaki ɗaya ne mai kantar gilashi da fanka mai kuka, sai farin firji a kusurwa. Tun da na gama makaranta ni nake tsare shagon. Firjin nan kuwa ba na lemo ba ne. A cikinsa muke ajiye allurar ciwon suga, ta masu saye da ta Ummanmu, wadda shekara takwas ke nan kullum sai ta yi ta safe da yamma. Daga waje ake kawo allurar, kuma da zarar ta sha zafi ta tashi daga aiki.

Shekara huɗu da suka wuce, ana tsakiyar zafi, firjin ya mutu da rana tsaka da kwalabe ashirin a cikinsa. Baba ba ya nan. Na kira lambar wani mai gyara da na gani rubuce a jikin bango, sai ga wani dogon saurayi a kan babur da akwatin kayan aiki, rigarsa duk baƙin mai. Ya durƙusa ya leƙa bayan firjin, ya ce abin da ya ƙone ba zai samu ba sai gobe. Na ce masa allurar mahaifiyata ce a ciki, ba za ta kai gobe ba. Sai kawai ya hau babur ya tafi. Na raka shi da harara, a raina ina cewa dama masu gyara haka suke. Minti arba'in sai ga shi ya dawo da ƙaramin firjin ɗakinsa, ya ɗaure shi a bayan babur da igiyar roba, yana tuƙi da hannu ɗaya yana tallafe da ɗayan.

Tun daga ranar gidanmu suka sa masa Mai Firji. Shi kuma Likita yake ce mini don tsokana. A wayata har gobe "Gyaran Firji" ne sunansa, na sa haka ne da farko don kada a gane, daga baya na kasa canzawa.

Da magana ta kai gaban Baba, abu ɗaya ya ce. Ya ce shi bai damu da mota ko tarin kaya ba, amma ba zai ba da ni in je in yi zaman haya ba.

"Shekara goma sha ɗaya uwarta ta yi tana ɗaure kaya tana kwancewa daga wannan gida zuwa wancan. Ba zan ga 'yata a haka ba. Ko ɗaki biyu ne, ya zama naka."

Mai Firji ya ce ya ji ya ɗauka. Ba a yi wata uku ba ya samu aiki a ƙasar waje, a wani kamfani mai manyan ɗakunan sanyi a bakin teku, kwantiragin shekara uku, albashi da kuɗin can. Bara ya daidaita da wani mutum a kan ɗan gida mai ɗaki biyu da falo, akwai bishiyar lemo a tsakar gidan, na je na gani da idona. Ya ba da kafin alƙalami, aka rubuta cewa zai cika sauran idan ya dawo. Wata mai zuwa ne dawowar, kuma a watan aka tsayar da maganar aurenmu.

To a nan ne fa kuɗi suka shigo labarin, ku yi haƙuri da ni.

Shekara biyun farko na tafiyarsa mun ga rayuwa. Kuɗinmu ya yi ta zubewa a gaban kuɗin waje. Duk zuwan da dillalin magani zai yi da sabon farashi yake zuwa, bakinsa ɗaya: "Canji ya tashi." Kwalbar allurar Umma ta ninka har sau uku. Wata rana na shiga kicin na tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da buhun shinkafa, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, idonta ya yi wani iri. Ashe sati uku ta yi tana rage adadin da likita ya rubuta mata, wai don kwalbar ta ƙara kwana. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Daga wannan rana na ƙara addu'a ɗaya a kan waɗanda nake yi bayan kowace salla: Allah ka karya kuɗin waje, ka ɗaga namu.

Farkon shekarar nan kuwa sai abu ya juya. Baba yana da wata tsohuwar rediyo da yake ajiyewa a kan kanta, kullum da safe sai ya ji farashin canji kafin ya sha shayi. Guda ɗaya na kuɗin waje da yake cin ɗari a namu ya dawo casa'in, ya dawo tamanin da biyar, har ya sauko saba'in da biyar. Na tambayi Baba me ya faru.

"Baƙi ne suka shigo da kuɗi. Masu manyan jari na waje sun ji ana samun riba mai kauri a nan, wasu suna ba gwamnati rance, wasu suna sayen hannun jari a kamfanoni. Duk wanda ya zo da kuɗinsa kuwa sai ya sayi namu kafin ya yi hulɗa. Masu neman namu sun yi yawa, nasu ya cika kasuwa, kin ga dole namu ya yi daraja."

"To Allah ya ƙaro su," na ce.

"Amin, amma kada ki saki jiki. Rabin kuɗin nan 'yan ci-rani ne. Riba suka biyo, ranar da suka ji ta fi kauri a wani wuri za su naɗe tabarma."

Ni dai ban damu da tabarmarsu ba. Abin da na sani shi ne dillali ya fara zuwa yana murmushi, allura ta sauko, Umma ta koma yin adadinta cif. Kumatunta suka dawo, har ta ciro leshinta ruwan toka da ta daɗe ba ta sa ba, ta kai wa tela aka buɗa mata shi. Duk sanda na buɗe firji na ga kwalabenta huɗu a jere sai in yi hamdala, in ƙara ƙaimi a addu'ata.

Ranar wata Laraba da la'asar ina ɗaki ina guga, Gwaggo tana zaune a bakin gadona tana duba atamfofin da na fara tarawa. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goya shi, don haka maganarta a gidanmu ba ta faɗuwa ƙasa. Mace ce mai son mu har cikin ranta, sai dai ba ta yarda da namijin da ya yi nisa ba. Nata mijin ya tafi neman kuɗi tana da cikin fari, ya ce "na kusa dawowa", shekara arba'in ke nan. Wayata ta yi ƙara a kan filo, na ga "Gyaran Firji", na ajiye dutsen guga ina murmushi.

"Likita, canji ya zo mini ba zato. Ba zan iya dawowa a watan da muka sa ba. Ki yafe mini, ban san da wane ido zan kalli Baba ba."

Sau uku na karanta. Na zauna a kan tulin kayan da na goge. Gwaggo ta kalle ni ta miƙo hannu, ni kuma ban iya hana ta ba. Ta nisanta wayar da idonta ta karanta a hankali, ta ajiye.

"Ya samu wata," ta ce.

"Gwaggo, bai ce haka ba."

"Me kike so ya ce? Ya turo miki hotonta? Namiji idan ya ce miki canji ya zo masa, zuciyarsa ce ta canza. Ba zai dawo ba, yana neman yafiya, yana jin kunyar ubanki. Auta, ni na san wannan karatun, na haddace shi tun ba a haife ki ba."

Kada ku ɗora wa Gwaggo laifin duka. Ita ta faɗa, amma ni na yarda, don tun kafin ta buɗe baki zuciyata ta riga ta raya mini haka. Sati biyu ke nan ina jin muryarsa ta yi sanyi a waya, idan na kawo zancen labulen falo sai ya kawar da maganar. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci. Da a ce na danna kira na tambaye shi, da minti ɗaya ya ishe mu. Amma girman kai ya hau ni. Na rubuta masa:

"Na gani. Allah ya sa albarka a canjin."

Na tura, na toshe lambarsa ta ko'ina, na kifa kaina a cinyar Gwaggo na yi kuka har rigarta ta jiƙe.

Ita ta kai wa Baba labari, kuma a taƙaice ta kai: yaron ya ce ya canza. Baba bai nemi ganin saƙon ba, wane uba ne zai ce 'yarsa ta ba shi wayarta ya karanta hirarta da saurayi? Sai dai ya daina kunna rediyo kwana biyu. Gwaggo ta sa na tattaro duk abin da ya taɓa aiko mini, agogo da turaruka da wani mayafi shuɗi mai laushi da ban taɓa yafawa ba don ina ajiyarsa, aka zuba a jaka. Ta ce ranar Asabar ta sama za ta zo da kanta ta kai wa mahaifiyarsa, a rabu cikin mutunci. Umma ce kaɗai ta ce a dakata.

"Yaron da ya ɗauro firji a bayan babur," ta ce, "ban ga alamar haka a tare da shi ba."

"Dukkansu da firji suke farawa," in ji Gwaggo.

Kwana tara na yi ina zuwa shago kamar wadda aka zare wa laka. Ga firjin ma ya tsiro da wata ƙara, duk sanda ya tashi sai ya yi gurnani, ni kuma in ji kamar da ni yake. Jakar tana bayan ƙofar ɗakina, kullum sai na yi tuntuɓe da ita.

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe Gwaggo za ta zo, wata tsohuwa da muke kira Iya ta shigo tana dogara sanda. Maganin hawan jini take saye a wurinmu duk wata, ɗanta da ke aiki a waje ne yake turo mata kuɗi. Ta kwance bakin zaninta ta ciro takardar kuɗi.

"Rabin kati za ki ba ni yau, 'yata."

"Rabi kuma, Iya? Ai ba zai kai ki wata ba. Ga shi maganin ma ya sauko."

"Maganin ya sauko, amma haya ba ta sauko ba, cefane ma ko gezau. Yaron nan bai rage komai a abin da yake turowa ba, Allah ya yi masa albarka. Amma idan na je karɓa sai a miƙo mini kashi uku cikin huɗun abin da na saba. Ai mu masu 'ya'ya a waje, canjin nan ya zo mana ba zato."

A lokacin canjinta yana hannuna, ina ƙirgawa. Tsabar ta zube a kan gilashin kanta, wasu suka gangara ƙasa.

"Iya, me kika ce?"

"Na ce canji ya zo mana ba zato. Lafiya kike kuwa?"

Jama'a, ni da nake zaune da rediyon Baba a gefen kunnena kullum. Ni da na san da kuɗin waje ake biyansa, na kuma san da kuɗinmu aka yi cinikin gidan. Ko sau ɗaya ban taɓa haɗa biyun ba. Ina ta murna kwalabe sun yi araha, ban tuna cewa akwai wanda yake tsaye a ɗaya gefen ba. Na ciro cikakken kati na ba Iya, na cika kuɗin daga jakata. Tana ta sa mini albarka, ba ta san ni ce ya kamata in durƙusa in gode mata ba.

Tana fita na buɗe lambarsa. Na san ƙarfe ɗaya suke hutun cin abinci, don haka sai da na jira awa biyu ina kallon agogo, na share kantar nan ta fi sau biyar. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Likita."

Muryarsa ta dushe. Na yi ta maza na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Wane canji kake nufi?"

Ya ce, "Canji iri nawa ne? Canjin kuɗi mana."

Sai kawai na fashe da kuka, dariya kuma tana taso mini ta ƙasa, na rasa wanne zan yi. Da ƙyar na iya gaya masa yadda muka fassara saƙon ni da Gwaggo. Ina jin ƙarar injina a bayansa ya ce:

"Wata kuma? Ni da nake wuni a ɗakin ƙanƙara da kifi, wace ce za ta kalle ni?"

Sannan ya warware mini. Abin da ya tara a shekara uku, a lissafin bara, ya isa ya cika kuɗin gidan har a yi fenti. Yanzu idan ya canza, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, ba tare da ya taɓa ko guda ba. Ya yi ta jira ko zai koma sama, kullum ƙara sauka yake. Mai gidan ya ce idan wata mai zuwa ya wuce zai mayar masa da kafin alƙalaminsa ya sayar wa wani. Kamfani kuma sun ba shi takardar ƙarin shekara biyu, har da rancen da zai cika gidan, sun ce ya kawo ta da sa hannu gobe Asabar da safe.

"Me ya sa ba ka kira Baba ba? Ko Umma?"

"Da na ga kin rubuto Allah ya sa albarka a canjin, sai na ce ai gaskiyarta, su canjin alheri ya zame musu. Na ɗauka amsar gidan ke nan gaba ɗaya. Mutumin da ya kasa cika alkawari, da wane baki zai kira?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige cikinta.

Ban jira lokacin tashi ba, biyar tana yi na ja ƙofar shago. Na tarar da Baba a tsakar gida a kan kujerarsa ta roba, Umma tana gefe a tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na miƙa masa wayar da hannu biyu, kunya ta riga ta ƙare mini.

"Baba, don Allah ka karanta da kanka."

Ya ɗauko tabarau daga aljihu ya maƙala. Ya karanta, ya ɗago ya kalle ni ta saman gilashin, ya sake karantawa.

"Wannan ne saƙon? Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Baba."

"Yaya ta ce mini ya ce ya canza."

"Ni ma haka na fahimta."

Ya sa na ɗauko masa biro, ya yage murfin wani kwalin magani ya tambaye ni kuɗin gidan da abin da aka bayar. Ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya ja layi, ya daɗe yana kallon abin da ya fito. Sai ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Kullum da safe ina jin farashin nan ina hamdala. Ashe abin da yake sauka a shagona, daga aljihun yaron nan yake tasowa." Ya ajiye biron. "To amma gidan fa? Idan ya dawo yanzu gidan ya tafi."

A nan ne Umma ta ajiye farantin. Ummanmu ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa idan ta gyara zama kowa yake natsuwa.

"Malam, in tambaye ka. Wa ya ce maka na yi kuka da zaman haya?"

"Ai na gani da idona."

"Ka ga ina ɗaure kaya, ba ka ga ina kuka ba. Kai ne abin yake ci, kai kake jin kunya duk sanda mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni abin da na sani, shekara goma sha ɗayan nan kullum da magariba kana shigowa da leda a hannu. Yaya tana da gidan kanta tun tana amarya, ka tambaye ta ko ya ishe ta. Kada ka sa yaro ya ƙara shekara biyu a cikin ƙanƙara saboda kunyar da ka ji shekara talatin da suka wuce."

Baba ya ninke tabarau ɗinsa ya mayar aljihu. Can sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Kira mini shi." Na kira na sa a lasifika. Da Mai Firji ya ji muryar Baba sai ya rikice, gaisuwa uku ya jera a numfashi ɗaya.

"Ɗana, saurara. Sharaɗin nan ni na sa shi, ni kuma na cire. Gida idan mai shi ya ƙara maka lokaci to, idan bai ƙara ba ka karɓi kuɗinka ka kama haya, wani gidan yana gaba."

"Baba, na yi alkawari."

"Ka cika. Abin da ka ce za ka tara ka tara, kasuwa ce ta motsa a ƙarƙashinka. Masu kuɗin da suka jawo haka ma ba su san da ni da kai ba, gobe suna iya kwashe abinsu su tafi, canji ya sake juyawa. Ba za mu ɗaura rayuwar yara a kan wannan ba. Ka dawo. Firjin shago ma ya fara wata ƙara da ban gane ba."

Na ji ya ja numfashi. Ya yi godiya har muryarsa ta karye, amma ya ce a ba shi zuwa safe. Ya ce akwai mahaifiyarsa da ƙannensa da suke jiran hannunsa, kuma bai taɓa zaton zai dawo ya kai ni gidan haya ba. Baba ya ce wannan gaskiya ne, ya yi tunani. Ya ba ni wayar, na cire lasifika na shige ɗaki, don akwai sauran abu ɗaya da yake cin raina.

"Akwai abin da ban gaya maka ba. Canjin nan ni na roƙe shi. Shekara biyu, bayan kowace salla, ina cewa Allah ya karya kuɗin waje. Ban taɓa tuna cewa naka ne ba."

Na rufe ido ina jiran abin da zai ce.

"Allurar Umma nawa take yanzu?"

Na gaya masa.

"Tana yin adadinta cikakke?"

"Cif. Har ta yi ƙiba, an buɗa mata riguna."

"To ai ban yi asara ba, Likita. Na ɗauka kuɗin narkewa suka yi, ashe firjinmu suka shiga. Kada ki daina addu'arki saboda ni."

Ku gaya mini, me mutum zai yi da irin wannan? Na zauna a bakin gado na riƙe wayar a ƙirji, ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shi, ina gode masa da ya turo Iya ranar Juma'a ba ranar Lahadi ba. Amma har muka yi sallama bai ce zai dawo ba, bai kuma ce ba zai dawo ba.

Asabar ƙarfe tara Gwaggo ta yi sallama, ta sha babban mayafinta baƙi na zuwa unguwa mai muhimmanci. Ni kuwa tun asuba wayar tana hannuna, shiru. Umma ta zaunar da ita ta kawo shayi, ta warware mata komai daga farko. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta kurɓi shayin, ta ce in ɗauko jakar.

"Na ji, canjin kuɗi ne, na yi kuskure a nan. Amma kuskuren kalma ne kawai. An ce masa ya dawo ya ce sai ya yi tunani, ko ba haka ba? Shekara biyu za ta zama huɗu, huɗu ta zama goma. Zan zauna zuwa ƙarfe goma, idan ba mu ji komai ba zan kai kayan mutane."

Ta ɗora jakar a cinyarta ta riƙe hannun da kyau. Baba yana bakin ƙofa yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Umma ta koma kicin ta fito ba ta ɗauko komai ba. Tara da rabi ta wuce. Goma saura kwata ta wuce. Na fara jin cewa watakila Gwaggo ce mai gaskiya, kuma ko ya sa hannu ba zan iya ganin laifinsa ba.

Goma saura minti shida wayar ta yi ƙara. Hoto ne, takarda a kan teburin ƙarfe, layin sa hannu a ƙasa babu komai a kansa. Sai rubutu ya biyo baya.

"Karanta mana a fili," in ji Gwaggo. "Kalma-kalma, kada mu sake yin irin ta rannan."

Na share ido na karanta: "Likita, na mayar musu da takardarsu. Ki ce wa Baba kada ya bari kowa ya taɓa firjin nan. Ranar sha biyu ga wata zan zo in duba shi da kaina."

Baba ya saki hularsa. Umma ta ɗaga hannu sama tana motsa baki. Gwaggo ta ce in maimaita mata wurin ƙarshen, na maimaita. Ta daɗe tana kallon jakar da ke cinyarta, sannan ta zuge zif ɗin, ta zaro shuɗin mayafin nan ta warware shi, ta yafa mini a kafaɗa da hannunta tana gyara bakinsa.

"Sha biyu ga wata," ta ce a hankali. "Ni nawa ko rana bai taɓa faɗa mini ba."